Dami Ukun da Baba Bai Auna Ba

Jakin ne ya fara isowa. Ina tsakar gida ina tace ƙullun awara sai na ji kofatonsa a zaure. Ya shigo shi kaɗai, igiya tana jan ƙasa, mangala babu komai a ciki, ya wuce inda aka saba ɗaure shi ya tsaya. Hantsi ya ɗaga a lokacin. Tun da safe mun ji harbi ta yamma, wajen gulbi, amma a ƙauyenmu, tsakanin Sabon Birni da Isa, harbi ya daina tayar da mace daga bakin murhu. Akan tsaya a saurara, a gane ta ina yake, a ci gaba da aiki.

Bayan jakin sai Baffa, ƙanen mahaifina. Ya shigo bai yi sallama ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ƙetare zaurenmu babu sallama ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, ya cire hula, ya mayar, ya ce, "Ku yi haƙuri. Yaya ya riga mu."

Inna ta dube shi ta ce, "Ga kununai nan na rufe mai. Ya ce ba shi daɗewa."

Baffa ya yi salati. Sai a nan ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ta ja kwanon kunun ta riƙe a cinya. Ni kuwa na ci gaba da matse tsumman tata har ruwan ya ƙare, domin ban san abin da zan yi da hannuna ba idan na sake shi.

Maza shida suka je da amalanke suka ɗauko shi. Kafin azahar suka shigo da shi, kwance a kan damman waken suya da suka shimfiɗa masa don kada katako ya ji masa. An yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi kafin la'asar. Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma.

Mutane sun zo gaisuwa duk da halin da hanya take ciki. Liman, abokinsa tun suna makarantar allo, ya fara addu'a muryarsa ta tsaya, sai wani ya ƙarasa masa. Mata masu awara sun zo a ƙungiya, ɗaya daga cikinsu tana kuka tana cewa wa zai riƙa tsayawa a bakin kaskonta yana ɗaukar ƙwayar wake yana tambayarta daga wace gona. Wani malamin gona ya hau mota daga Isa, ya zauna a zaure, sannan ya aiko a tambaye ni ko Baba ya bar wani abu a rubuce. Na ce a gaya masa Baba ba ya boko. Abin da ya bari zare ne da tsakuwa da ƙunshe-ƙunshe. Aka ce da ya ji haka ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Akwai kuma abin da na ji ta bayan danga a rana ta biyu. Wata ta ce, "Tsoho da hankalinai, shi tahi shi ba da rai a kan wake." Wata ta amsa, "Waken da ko mudu goma bai kai ba." Ban fita na yi musu magana ba. Saboda su na zauna nake wannan rubutu, da ɗan karatun da na yi, don a san abin da ya je ɗaukowa.

Baba yana saurayi ya tafi cirani kudu, ya samu aikin lebura a wata gonar gwaji ta masu binciken iri. Shekara huɗu yana riƙe wa wani ma'aikaci lema da kujera a tsakiyar waken suya, yana kallon yadda ake haɗa iri biyu su haifi na uku. Ba a koya masa ba. Ya ce kallo ya yi, har ranar da ma'aikacin ya yanke a yatsa ya miƙo masa kayan aikin. Ya dawo gida ya yi aure ya noma gero da dawa kamar kowa shekaru da yawa, abin yana ransa.

Da awara ta shigo ƙasarmu, mata suka koma sayen wake daga nesa, sai ya samo iri biyu. Ɗaya ya sa masa suna Dogo. Furensa shunayya ne, yana ɗaukar 'ya'ya har ya sunkuya, amma yana son wata huɗu, ruwan Gobir kuwa yakan ɗauke ya bar shi da kwanso babu ƙwaya. Ɗayan Gajere. Furensa fari, yana nuna cikin kwana tamanin da 'yan kai, amma abin da zai ba ka bai kai wahalar sunkuyo ba. Baba ya ce zai ɗaura musu aure, ya nemi ɗa mai saurin uwa da hannun uba.

Furen waken suya bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma shi yake yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe. Don haka sai an riga shi. Na zo ganin gida a wannan daminar, lokacin ina ɗakin mijina, na iske Baba durƙushe a kunya da matsefatar cire ƙaya da allurar Inna. Yana buɗe furen Gajere da bai buɗe ba, ya cire abin namijin, ya ɗauko garin furen Dogo ya shafa, ya ɗaura zare a gindin. Ba ya numfashi sosai idan yana yi. Ya yi wa furanni da yawa haka, yawancinsu suka bushe suka faɗi. Kwanso biyar ya samu.

Da damina ta zagayo ya shuka su a bayan gida. Ranar da suka yi fure ya aika aka kira Baffa.

"Dubi nan. Uwarsu fari take yi. Mi ka gani?"

"Na ga shunayya."

"To aure ya ɗauru."

Amma 'ya'yan duka suka biyo Dogo. Suka yi tsawo, suka yi nawa, sai da Inna ta riƙa zuba musu ruwan rijiya kafin su ƙosa. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, damina biyu kana yi wa wake kaciya da allura, ka haifo abin da kake da shi tun farko." Baba bai ji haushi ba. Ya ce, "Saurin shina ciki. Ɓoyewa ya yi. Ka jira jikoki."

Jikokin kuwa suka watse kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Dogo da gajere da matsakaici, mai fari da mai shunayya, wani ya yi fure wani ko alama babu. Masu nawa sun fi yawa, masu sauri ɗaiɗai. Daga nan aikinsa na gaskiya ya fara. Ranar shuka yakan wanke gwangwanin madara ya ajiye a bakin zaure, kullum idan ya dawo sallar asuba ya jefa tsakuwa ɗaya. Duk tushen da ya riga yin fure ya ɗaura masa zare, ya juye gwangwanin ya ƙirga. Da kaka ya tuge kowane tushe daban, ya ɓare shi daban, ya ƙunshe a tsumma daban da irin zarensa. Tushe ɗaya, ƙunshi ɗaya, kunya ɗaya a baɗi. Bai taɓa yarda ƙwayar wannan ta taɓa ta wancan ba. Inna ta rasa zannuwa biyu da zaren ɗinkinta kaf a wannan hidima, kuma ba ta bar shi ya manta ba.

Rigimarsu da Baffa a kan tushe ɗaya ta tashi. Gonar ta gado ce, su biyu suke nomanta, Baba ya ware wa wake gefen yamma. A can ƙarshen wata kunya, kusa da suri, wani tushe ya fito da 'ya'ya kamar an rataya masa. Baffa ya tsaya a kansa ya ce ga abin da ake nema, a tara irinsa a sallami sauran a mayar da wurin gero. Baba ya zagaya shi sau ɗaya ya wuce bai ɗaura masa zare ba.

"Ba ka gani ba ne, ko girman kai ne?"

"Na gani. Ba halinai ba ne, halin wurin ne. Ƙasar suri ya samu, ga shi a gefe ba mai matsa mai."

Baffa ya ce ai ɗa uba yake biyowa. Baba ya ce a wajen sauri haka ne, idan tushe ya yi fure da wuri 'ya'yansa ba su cika saɓa masa ba, ko a ina ka kai su. Yawan 'ya'ya kuwa ba a yarda da shi a tushe ɗaya. Sai ka shuka kunya guda a tsakiyar gona, inda babu suri babu kashin shanu, ka auna abin da ta bayar, ka sake a wata daminar ka sake aunawa. Maganar ta yi zafi har Baffa ya ce a raba gonar. Ya tuge tushen ya tafi da shi gidansa. Wata biyu ba ya cin tuwo a zaurenmu. Da damina ya shuka irin a ɓoye, ya fito kamar kowane wake, har bai kai wasu ba. Wata safiya dai aka gan shi ya zo da ƙwallon zare sabo daga kasuwar Isa ya ajiye kusa da gwangwanin, ya zauna ya ja kwano.

A tsakiyar waɗannan shekaru ne daji ya lalace. Da farko shanu ake kora. Daga baya aka koma tare hanya da ɗaukar mutane. Mijina yana dawowa daga kasuwar Isa mutanen daji suka tare motarsu, suka fito da maza suka kwantar da su a bakin hanya. Waɗanda suka tashi da gudu aka harbe su ta baya. Shi yana cikinsu. An kawo mini shi da gishirin da na aike shi saye a aljihu.

Na yi takaba a gidanmu. Da na fita takabar ban fita ɗaki ba. Ba na son haske, ba na son magana. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Wata safiya ya tsaya a ƙofa ya ce, "Uwata, idanuna sun gaji. Ba ni rarrabe farin fure da shunayya yanzu. Ki taimaka ma ɗanki." Na san ba gaskiya ba ne, mutumin da yake zura zare a allura ba tabarau. Na bi shi don kunya. Ya riƙa nuna fure yana tambayata launinsa, ina faɗa, yana cewa to, madalla. Har muka kai ƙarshen kunya. Washegari ya sake zuwa. Bai taɓa yi mini maganar mijina ba, ko sau ɗaya. Da haka na koyi aikin, da haka kuma na koma cin abinci.

Tun daga lokacin dalilinsa ya sauya. Da ruwa yake tsere, ya koma tsere da bindiga. Gero da dawa suna da tsawo, mutum goma za su ɓuya a ciki ba ka sani ba sai ka ji ƙarfe a ƙeya. An kashe ɗan maƙwabcinmu a cikin dawarsa, kwana biyu ana nema kafin ungulu ta nuna wurin. Waken suya kuwa iyakarsa gwiwa, kana ganin mai zuwa tun daga nesa. Kuma duk shekara, idan amfani ya kusa shiga gida, mutanen daji sukan aiko cewa kada wanda ya taɓa gona sai an sasanta da su. Baba ya ce idan aka samu iri da zai nuna ya shiga buhu kafin saƙon ya zo, an rage kwanakin da mutum zai kai kansa daji. Ya ce, "Duk tsakuwar da na rage cikin gwangwanin ga, yini guda ne da ɗan wani ba shi fita."

Shekara biyu kafin rasuwarsa mutanen daji suka shigo garin da rana tsaka. Babura sun fi yadda zan ƙirga. Suka harbe mutum uku a bakin masallaci, suka bi rumbuna suna zuba fetur. Namu ma ya ci wuta, da geron shekara a ciki. Biyu suka shigo gidanmu. Ni da Inna muna bayan randa. Suka ja Baba tsakar gida, ɗaya ya shiga ɗaki ya fito da tukunyar da yake ajiye ƙunshe-ƙunshen, ya fasa ta a ƙasa. Da ya ga ƙulli-ƙulli da zare kala-kala ya ce layun bindiga ne, tsohon nan shi ke yi wa 'yan banga asiri. Baba ya ce iri ne. Mutumin ya buga masa gindin bindiga a haƙarƙari, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya sake bugawa a baki. Sannan ya sa wuƙa ya farke ƙunshi biyu, wake ya zubo. Suka yi dariya. Ya yi fatali da sauran da ƙafa, suka kwance awakinmu suka fita.

Garin yana ci da wuta, mata suna kururuwa, Baba yana rarrafe a tsakar gida jini yana zuba daga bakinsa yana tattara ƙunshe-ƙunshen. Na zo zan ɗaga shi ya ce, "Bar ni. Ki share waɗanda sunka zube ki ba Innarki ta dafa. Sun gauraye, ba su da amfani." Kowane ƙunshi gida yake kiransa, gida biyu ya rasa a ranar, aikin damina shida. Haƙoransa uku suka tafi. Bai sake miƙewa sosai ba, kuma idan ya yi dariya sai ya dafe gefe.

A daminar bara, ta tara tun daga auren Dogo da Gajere, saura gida bakwai. Duk sun zauna, kowace kunya kanta ɗaya, furenta ɗaya, rana ɗaya take nuna. Duk suna da saurin Gajere. Abin da ya rage shi ne a tuge kowace kunya daban, a sussuke, a auna da mudu, a ga wadda ta riƙe hannun Dogo. Ita za a yawaita a raba wa mutane. Ransa yana kan ta can ƙarshen yamma, mai baƙin zare. Bara waccan ita ta fi, amma ya ce awo ɗaya ba shaida ba ne, sai ta maimaita.

Saƙon mutanen daji ya zo da wuri a wannan shekarar. Ranar da ya iso, wakenmu ya fara zubar da ganye, saura kwana shida ya isa tugewa. Baba ya juye gwangwani ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Mako guda na rasa." Dattawan gari suka shiga aike da jiran amsa. Gero zai iya jira a tsaye. Waken suya ba ya jira. Idan ya bushe rana ta buge shi, kwanson yakan fashe da kansa, ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa kunyar maƙwabciya. Kwana uku ya isa a rasa komai.

Da kwana shidan suka cika Baffa ya zo ya zauna ya ce, "Yaya, don Allah ka bari. Ka ji abin da sunka yi ma mutanen ƙetaren gulbi." Baba ya ce ya ji. Washegari da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, muka fita ni da shi da jaki. Da muka isa ya nufi yamma. Ni ce na tsaya. Kunyoyin yamma suna bakin daji, ƙafata ta ƙi zuwa. Na ce, "Baba, mu fara ta nan wajen gari." Ya dube ni, ya dubi yamma, ya ce, "To, Uwata. Yadda kinka ce." Mun tuge kunya huɗu, mun ɗaure kowacce da zarenta, sai muka ji babura can nesa. Muka ɗora wa jaki muka gudo. Saura uku, da mai baƙin zaren a ciki. Bai ce mini komai ba a hanya. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da safe na ɗaura zane zan bi shi ya ce a'a. "Ki zauna ki yi awararki. Kunya uku ce, za ni dawo kahin kunu shi huce."

Maƙwabcinmu, mahaifin yaron da aka kashe a dawa, ya je duba gonarsa a ɓoye, yana kwance a kwazazzabo lokacin da abin ya faru. Shi ya ba mu labari. Babur uku ne. Baba ya gan su tun daga nesa, kamar yadda ya sha faɗa cewa a wake ana ganin mai zuwa. Yana da lokacin da zai shiga kwazazzabon. Ya riga ya ɗaure dami biyu, na uku yana ƙarƙashin gwiwarsa. Suka tsaya a kansa, ɗaya ya ce, "Kai tsoho, ba a gaya maka ba?" Ya ce an gaya masa, amma wannan ba abinci ba ne, iri ne, ba ya jira. Ya ce su bari ya ƙulle wannan ɗaya. Aka harbe shi a ƙirji. Ya faɗa kan damin. Wanda ya yi harbin ya sauko ya juya shi da ƙafa ya ƙara masa a wuya. Ba su ɗauki komai ba. Maƙwabcin ya ce da ya fito ya duba, zaren yana naɗe a yatsunsa, ya zagaya damin sau biyu bai ƙulle ba.

Mazan da suka je ɗauko shi mutanen kirki ne, sun sa ransu a hannu. Suna sauri, suna waige. Ba su iya ɗora dattijo a kan katako tsirara ba, sai suka ɗauki damman uku suka warware suka shimfiɗa, suka kwantar da shi a kai. Baffa yana cikinsu. Shi ya warware da hannunsa. Busasshen wake ne, ga nauyin mutum, ga gargadar hanya. Kafin su iso gari duk ya fashe a ƙarƙashinsa.

Bayan an tafi da shi maƙabarta na fita zaure na ga amalanken. Ƙwayar kunya uku a wuri ɗaya, a gauraye, rabi cikin jini. Na kawo faifai na share da hannuna har abin da ya maƙale a tsakanin katako. Baffa ya dawo ya iske ni. Ya tsaya ya dubi faifan ya dubi zaren uku a ƙasa, sai a lokacin ya gane. Ya ce, "Wayyo, Yaya. Ni na gauraya maka." Bai yi kuka a bakin kabari ba. A nan ya yi, tsugune a gindin amalanke.

Inna ta ce a haƙa rami a binne, jininsa ne, ba ta son ganinsa a gidanta. Na ce ba za ni iya ba. Mun yi kwana biyu ba mu haɗa ido ba. Baffa ya kai maganar wurin Liman. Ya dawo ya ce Liman ya ce ba ci za a yi ba, shukawa za a yi, ita ma binnewa ce, babu laifi. Ba a wanke iri da ruwa, zai kumbura ya mutu. Na shanya a inuwa, na murje da toka ƙwaya-ƙwaya. A rana ta uku Inna ta fito ta zauna kusa da ni, ta yage gefen mayafinta ta miƙo mini in ƙunshe.

Na tsince abin da zan iya. Gida ɗaya idon ƙwayarsa ja-ja ne, na ware shi. Sauran biyun duk baƙin ido gare su, ba mai raba su a faifai. Amma na san ɗaya fari yake fure, mai baƙin zaren kuwa shunayya. Idan suka yi fure za su faɗi sunansu.

Bayan arba'in aka sake shiga garinmu, muka taso muka dawo Isa, gidan Gwaggo. Irin waken suya ba ya ƙetare damina biyu a zafinmu. Idan bai shiga ƙasa bana ba ya mutu a tsumma. Da ruwa ya sauka Baffa ya ɗauki fartanya ya yi mini 'yan kunyoyi a bayan ɗaki, tsakanin makewayi da danga, taku bakwai ne tsawonsu. Na shuka kaɗan daga kowane gida, da gaurayen a gefe guda. Baffa ya samo gwangwani ya wanke, shi yake jefa tsakuwar idan ya dawo masallaci. Yau goma sha tara.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya mini rai a lokacin da ba wanda ya san ta inda zai taɓa ni. Waɗanda suka kashe shi na bar su da Wanda ya gan su.

A bayan ɗakin nan za ni iya ƙirga kwana, za ni iya raba fari da shunayya, irin kuma ba zai mutu bana ba in Allah ya yarda. Yawan 'ya'ya ne ba za ni iya sani ba. Wurin yana shan ruwan wanke-wanke, kowane tushe a gefe yake, duk abin da ya nuna mini halin wurin ne. Sai an kai shi tsakiyar gona, kuma babu mai zuwa gonar. Dami ukun nan har yau ba a auna su ba.